Ra'ayinmu: Wa ke gadin ƙofar Wi-Fi ɗinmu?

Tun lokacin ƙarancin takardun Naira a farkon shekarar 2023, hada-hadar kuɗin talakan Najeriya ta koma cikin waya. Mai shayi yana karɓar tiransifa, ɗan kasuwa ba ya sakin kaya sai ya ga alat, mai POS kuma ya zama bankin unguwa. Waɗannan kuɗaɗe ta iska suke tafiya, daga waya zuwa turken kamfanin sadarwa, ko daga waya zuwa ɗan akwatin Wi-Fi da ke maƙale a bangon shago.

Wannan akwati da ake kira rauta, da ƙaninsa na aljihu da ake kira MiFi, sun shiga gidaje da ofisoshi da makarantu da asibitoci da otal-otal. Tun da Starlink ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, sana'ar sayar da Wi-Fi na awa ko na yini ta kai har garuruwan da sabis bai wadata ba. Ci gaba ne, kuma muna maraba da shi.

Abin da ke damun mu shi ne, da yawa daga cikin waɗannan na'urori, tun ranar da aka jona su da wuta babu wanda ya sake waiwayar tsaronsu. Mai sayarwa ya karɓi kuɗinsa. Yaron da ya zo ya haɗa ya kama gabansa. Kamfanin da ya ƙera yana wata nahiya. Shi kuma mai gida, in dai fitila na ci, data na tafiya, lafiya lau. Ranar da aka yi ɓarna, sai kowa ya nuna wanda aka cuta, a ce shi ne bai kula ba.

A ra'ayinmu wannan rabon laifi babu adalci a cikinsa. Mai amfani da waya yana da nasa kason, za mu zo kansa. Amma kaso mafi girma yana wuyan waɗanda ke ƙera na'urorin, da masu shigo da su, da kamfanonin sadarwa da bankuna, da hukumomin da doka ta ɗora wa sa ido a kansu.

Iska ba ta san katanga ba

A zamanin da ake haɗa kwamfutocin ofis da igiya, duk mai son sauraren abin da ke wucewa sai ya shigo ginin, ya nemo igiyar, ya jona tasa. A lokacin maigadi da ƙofar ƙarfe suna da amfani.

Wi-Fi kuwa rediyo ne. Rauta ƙaramar tasha ce da ke watsa saƙo ta kowace fuska, kuma zangonta ba ya tsayawa a bakin zaure. Duk wanda ya taɓa buɗe wayarsa ya ga sunayen Wi-Fi na maƙwabta sun jeru ya san haka. Yadda wayarka ke jiyo nasu, haka tasu ke jiyo naka, mai eriya mai ƙarfi kuma yana jiyowa daga wuri mai nisa.

A watan Afrilun 2018, jami'an tsaron ƙasar Holan sun kama wasu Rashawa huɗu a birnin Hague, a wurin ajiye motocin wani otal da ke maƙwabtaka da hedikwatar hukumar duniya mai hana amfani da makamai masu guba, OPCW. A bayan motar hayar da suka ɗauko an tarar da kwamfuta da eriya da aka rufe da riga, tana fuskantar ginin hukumar. Gwamnatin Holan ta ce jami'an leƙen asirin sojan Rasha ne, sun zo kutsawa cikin Wi-Fi na hukumar. Rasha ta musanta. Abin lura a nan shi ne, ginin yana da shinge da masu gadi, amma mutanen ba su da buƙatar taka ƙafa cikinsa.

Tunda ba a iya hana na waje jiyo saƙon, dabara ɗaya ta rage, wato a rikita shi ta hanyar lissafi yadda sai mai makulli ne zai iya karantawa. Dukkan tsaron Wi-Fi a kan wannan kwaɗo ya rataya. Kwaɗon kuma yana tsufa.

Kwaɗon da ya tsufa

Kwaɗon farko da aka yi wa Wi-Fi sunansa WEP. A shekarar 2001 wasu masana uku, Fluhrer da Mantin da Shamir, suka nuna cewa wanda ya tara isassun saƙonnin da ke yawo a iska zai iya gano makullin. Aka fito da WPA a 2003, sannan WPA2 a 2004. Zuwa 2007 masu bincike a Jamus sun nuna ana iya ɓalle WEP cikin ƙasa da minti ɗaya.

Sanin cewa kwaɗo ya lalace daban, canza shi daban. Kamfanin TJX, mai ɗaruruwan kantunan tufafi a Amurka, ya ci gaba da amfani da WEP bayan an san rauninsa. A 2005 wasu ɓarayi suka shiga ta Wi-Fi na kantunansa a birnin Miami, daga nan suka gangara har rumbun bayanan kamfanin. Sun fi shekara suna kwasa ba a farga ba. Da abin ya fito fili a 2007, kamfanin ya amsa cewa an sace bayanan katunan banki sama da miliyan 45. Jagoran ɓarayin, Albert Gonzalez, an yanke masa ɗaurin shekara 20 a 2010.

Ko mutum ɗaya cikin masu waɗannan katuna bai yi sakaci ba. Sayayya kawai suka yi a kanti. Wannan shi ne darasin da ya kamata duk asibiti ko makaranta ko kantin zamani da ke ajiye bayanan jama'a a ƙasar nan ya riƙe.

WPA2 ma bai tsira ba. A Oktoban 2017, Mathy Vanhoef na Jami'ar Leuven da ke Beljiyam ya bayyana wani rauni da ya sa wa suna KRACK, wanda ke cikin tsarin gaisawar da waya ke yi da rauta kafin su fara musayar saƙo. Raunin yana cikin tsarin kansa, saboda haka ya shafi kusan kowace na'ura mai Wi-Fi, kuma ya fi tsanani a wayoyin Android na lokacin. Canza kalmar sirri ba ya maganinsa. Maganinsa ɗaya ne, sabunta manhajar na'ura. Sabon kwaɗon da ya fito a 2018, WPA3, shi ma an gano masa kurakurai a 2019, aka gyara.

Haka abin yake tafiya: a gano ɓaraka, a fitar da gyara, a tura wa na'urori. Wanda gyaran ya iso masa ya tsira. A nan ne matsalarmu take. Kasuwanninmu, daga Farm Centre a Kano zuwa Banex a Abuja da Computer Village a Ikeja, cike suke da wayoyi da rautoci na hannu da masu araha, waɗanda wasu daga ciki kamfanoninsu sun daina tura musu gyara. Mai saye ba ya sani, don babu inda aka rubuta masa. Yana duba kyamara da batiri da girman ma'adana, ya biya ya tafi. Na'urar da aka daina sabuntawa tana aiki sumul, sai dai duk ɓarakar da aka gano bayan ranar da aka yi watsi da ita tana nan a buɗe har abada.

Akwatin da ba shi da mai shi

Mutane da yawa ba su san cewa rauta tana da kalmar sirri biyu ba. Ta farko ita ce wadda ake ba baƙo don ya hau Wi-Fi. Ta biyu ita ce ta shiga ɗakin sarrafa na'urar, inda ake canza komai. A na'urori da dama, wannan ta biyu tana zuwa daga masana'anta da kalma ɗaya ga kowa, sau da yawa "admin", kuma jerin irin waɗannan kalmomi yana nan a intanet ga duk mai nema.

Duniya ta ga sakamakon haka a 2016, lokacin da wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta bazu. Aikinta mai sauƙi ne: tana bin intanet tana ƙwanƙwasa ƙofar rautoci da kyamarorin tsaro, tana gwada kalmomin sirri kimanin 60 da aka san masana'antu na sakawa. Da haka ta mallake dubban ɗaruruwan na'urori, masu su ba su sani ba. Ranar 21 ga Oktoban 2016 aka haɗa wannan runduna aka auka wa kamfanin Dyn na Amurka, shafuka irin su Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa ga miliyoyin mutane.

Abin bai tsaya a Amurka ba. A ƙarshen shekarar, wani ɗan Birtaniya mai suna Daniel Kaye ya yi amfani da wani nau'in Mirai wajen kai wa kamfanin sadarwa na Lonestar hari a Laberiya, har intanet ta riƙa ɗaukewa a ƙasar. Kotu a Landan ta ɗaure shi wata 32 a Janairun 2019. Ke nan kyamarar da wani ya saka a shagonsa don kama ɓarawo tana iya zama sojan haya a yaƙin da bai san ana yi ba, da kuɗin datarsa.

Akwai abin da ya fi wannan kusa da aljihu. Idan ka rubuta sunan shafi a waya, rauta ce ke nuna wa wayar inda za ta tambayi adireshinsa. Wanda ya shiga ɗakin sarrafawa yana iya canza wannan, ya sa duk mai neman shafin banki a kai shi wani shafi na bogi mai kama da shi. A 2018 masu bincike sun gano an yi wa dubban rautoci haka, galibinsu a Brazil, don satar bayanan masu asusun banki. Sau da yawa waya kan yi gargaɗi cewa shafin ba shi da inganci, amma gargaɗin da Turanci yake, kuma mun saba danna "ci gaba" ba tare da karantawa ba.

Sai wata ƙofar baya mai suna WPS, wadda aka yi don sauƙaƙa haɗa na'ura da lamba takwas. A lissafi, lamba takwas na nufin gwaji miliyoyi. Amma a Disambar 2011 wani mai bincike, Stefan Viehböck, ya nuna cewa rautoci na duba lambar rabi da rabi, suna faɗa wa mai gwaji ko rabin farko ya dace. Da haka gwajin ya sauko zuwa 11,000 kacal, aikin 'yan sa'o'i. Tsofaffin rautoci masu wannan rauni ba su ƙare ba.

Mu ma muna da namu halin da ke ƙara faɗin tsagar. Kalmar sirrin Wi-Fi a wurare da yawa lambar wayar mai gida ce, ko sunan shago da shekara, ko 12345678. A kan wayoyin zamani, wanda ka ba kalmar sau ɗaya yana iya raba ta ga wasu ta hoton lambar QR. Akwai kuma manhajojin da matasa ke saukewa don samun Wi-Fi kyauta, waɗanda wasunsu ke kwashe kalmomin sirrin da ke cikin wayar wanda ya sauke su, su zuba a rumbu ɗaya ga kowa. Mai neman na maƙwabci sai ya bayar da na gidansu. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Wi-Fi na kyauta

A nan ya kamata mu yi adalci, domin ana yawan zuzuta haɗarin Wi-Fi na otal da filin jirgi fiye da yadda yake a yau. A 2010 wani mai haɗa manhaja, Eric Butler, ya fitar da Firesheep, wadda ke ba kowa damar shiga Facebook ɗin mutumin da ke kusa da shi matuƙar suna kan buɗaɗɗen Wi-Fi ɗaya. Hayaniyar da ta biyo baya ta sa manyan shafuka suka koma kulle saƙo tun daga wayar mutum har zuwa rumbunsu. Yau akasarin shafuka da manhajojin banki haka suke, saƙonnin WhatsApp kuma a kulle suke daga mai aikawa zuwa mai karɓa. Mai saurare a gefe ba ya samun abin da yake samu a da.

Abin lura, gyaran ya zo ne lokacin da aka matsa wa kamfanoni lamba. Da nasiha ga masu amfani aka dogara, da har yau ana nan.

Da sauraro ya yi wuya, sai ɓarayi suka koma yaudara. Kowa na iya sa wa Wi-Fi ɗinsa sunan da ya ga dama, ko sunan otal ne, ko na jami'a, ko na filin jirgi. Waya kuma suna take bi, har takan hau da kanta idan ta ga sunan da ta saba da shi. A 2024 'yan sandan tarayyar Ostireliya sun gurfanar da wani mutum bayan ma'aikatan wani jirgin sama sun lura da baƙon Wi-Fi a cikin jirginsu. 'Yan sandan sun ce ya riƙa kafa irin wannan tarko a jirage da filayen jiragen Perth da Melbourne da Adelaide. Duk wanda ya hau, sai shafi ya buɗe yana neman adireshin imel ko na dandalin sada zumunta da kalmar sirrinsa kafin a ba shi intanet kyauta.

Babu kwaɗon da aka ɓalle a wannan harka. Mutane da hannunsu suka miƙa makulli. Wanda ya samu imel ɗinka kuwa yana iya canza kalmar sirrin sauran asusunka ɗaya bayan ɗaya. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala, amma wanda datarsa ta ƙare a tasha yana son kiran gida ba makwaɗaici ba ne. Hukumomi da makarantun da ke raba Wi-Fi kyauta su ne ya kamata su bayyana sunan nasu a fili, su kuma sanar cewa ba za su taɓa neman kalmar sirrin kowa ba.

Layin waya ma iska ne

Mai cewa shi ba ruwansa da Wi-Fi, datar layinsa yake amfani da ita, ya fi samun kariya, amma bai fita gaba ɗaya ba. Tsarin 2G, wanda har yanzu kaso mai yawa na layukan Najeriya ke kansa, an tsara shi ne tun shekarun 1980. A tsarin, turke yana tantance waya, amma waya ba ta tantance turke. Duk na'urar da ta yi shigar turke ta fi ƙarfi a wurin, waya na iya bin ta. Kwaɗon da ke kulle kiran 2G ma an nuna rauninsa a fili tun 2009.

Masu damfara sun fara cin moriyar wannan. A Nuwamban 2024 'yan sandan Thailand sun kama wani mutum da ke yawo da irin wannan turken bogi cikin mota a Bangkok, yana watsa saƙonnin tes na yaudara ga wayoyin da ke kusa. Saƙon ba ya bi ta kamfanin sadarwa, saboda haka matatar kamfanin ba ta ganinsa, kuma yana iya zuwa da kowane suna, har da na banki.

Akwai kuma tsohon tsarin da kamfanonin waya na duniya ke magana da juna ta kansa, SS7, wanda aka gina bisa amana a zamanin da kamfanonin ba su da yawa. A 2017 kamfanin O2-Telefónica na Jamus ya tabbatar cewa ɓarayi sun bi ta wannan tsari sun karkatar da saƙonnin lambar sirri da bankuna ke tura wa abokan hulɗarsu, suka kwashe kuɗi.

Wannan ya shafe mu kai-tsaye, domin tsarin kuɗinmu ya jingina sosai a kan saƙon tes da USSD. Lambar OTP ta tes take zuwa. Miliyoyin masu ƙaramar waya ta USSD suke tura kuɗi. A nan gida ɓarawo ba ya ma buƙatar na'ura mai tsada, satar waya ko sauya sim da sunan mai layi ko kiran yaudara sun ishe shi. Duk hanyoyin wuri ɗaya suke kaiwa: wanda ya mallaki layinka ya kusa mallakar asusunka.

Alhakin wa?

Za a ce mana tsaro aikin kowa ne, kuma gaskiya ne. Sai dai abin da aka ce na kowa ne, sau da yawa ba na kowa ba ne. Ba a sa ran mai sayen magani ya gwada ingancinsa a gida, shi ya sa aka kafa NAFDAC. Haka nan ba daidai ba ne a sa ran mai sayar da hatsi a Dawanau ko malamar firamare a Gusau su san bambancin WPA2 da WPA3 kafin su tsira da kuɗinsu.

Wasu ƙasashe sun riga sun ɗauki mataki. Tun ranar 29 ga Afrilun 2024, doka a Birtaniya ta hana sayar da na'urar da ke hawa intanet da kalmar sirri ta bai-ɗaya ko mai sauƙin zato. Ta kuma wajabta wa kamfani ya bayyana tsawon lokacin da zai ci gaba da tura gyara, ya samar da hanyar da za a kai masa rahoton rauni. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta fara aiki da makamanciyar wannan doka kan kalmar sirri tun 2020.

Najeriya ba ta buƙatar sabuwar hukuma don yin haka. Dokar sadarwa ta 2003 ta ba Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ikon tantance na'urorin sadarwa kafin a sayar da su. Muna kira ga hukumar da ta sanya waɗannan sharuɗɗa uku cikin tantancewar, ta kuma sa a rubuta ranar ƙarewar gyara a jikin kwali, yadda ake rubuta ranar lalacewar magani.

Za a ce wannan zai ƙara tsada, kuma kayan da ke shigowa ta bayan fage ba za su bi doka ba. Ba wa kowace na'ura kalmar sirrinta daban ba wani kuɗi ne mai yawa ba, kamfanonin da ke sayarwa a Birtaniya suna yi. Batun fasa-ƙwauri gaskiya ne, amma rautoci da MiFi masu yawa daga hannun manyan kamfanonin sadarwa suke fitowa, da tambarinsu a jiki. A fara da su. Su tilasta canza kalmar sirrin ɗakin sarrafawa a ranar farko, su tura gyara daga nesa, su sanar da abokin hulɗa ta tes idan na'urarsa ta tsufa.

Bankuna da kamfanonin kuɗi na waya, ƙarƙashin sa idon Babban Bankin Najeriya, su rage dogaro da saƙon tes wajen amincewa da manyan kuɗi. Idan aka sauya sim ko aka shiga asusu daga sabuwar waya, a taƙaita abin da za a iya fitarwa na ɗan lokaci. Kuma idan aka yi sata, kada amsar farko ta zama "kai ka bayar da lambarka" tun kafin a bincika.

Asibitoci da makarantu da otal-otal su sani cewa dokar kare bayanan jama'a da aka sanya wa hannu a Yunin 2023 ta hau kansu. Ta wajabta musu kare bayanan da suka tara, da sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa cikin sa'o'i 72 idan aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Ofishin da ya ɗora kwamfutar akanta da wayoyin baƙi a kan Wi-Fi ɗaya ya riga ya yi sakaci.

Sannan a yi wa mutane bayani da harshensu. Gargaɗin da hukumomi ke fitarwa a shafukansu da Turancin ƙwararru ba ya isa ga mai POS a ƙauye. Rediyo yana isa. Ƙungiyoyin masu gyaran waya da masu haɗa Wi-Fi ma suna isa, domin su ne ke taɓa na'urorin da hannu. Horar da su ya fi taron bita goma a otal.

Kafin hukuma ta motsa

Mai karatu ba zai zauna jiran doka ba, akwai abin da zai iya yi yau.

Idan kana da rauta ko MiFi, juya bayanta, za ka ga adireshin shiga ɗakin sarrafawa. Shiga ka canza kalmomin sirrin biyu. Ka sa doguwa, kamar kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna, ban da lambar waya ko sunan ɗa. Zaɓi WPA2 ko WPA3, ka kashe WPS. Idan WEP kaɗai na'urar ke da shi, lokacin ritayarta ya yi.

Mai shago ko ofis ya buɗe wa baƙi layin Wi-Fi nasu daban, yawancin rautoci suna da wannan tsari. Kyamarar tsaro ma a canza mata kalmar sirri tun ranar da aka saka ta, a gaban mai ita.

Idan waya ta nemi sabunta manhaja, a bar ta ta yi, ko da zai ci data. A goge sunayen Wi-Fi na wuraren da aka bari, a hana waya hawa buɗaɗɗen Wi-Fi da kanta. Duk Wi-Fi da ya nemi kalmar sirrin imel ko Facebook ko bayanan katin banki, a sauka nan take. Harkar banki a yi ta da datar layi da manhajar bankin.

A sa wa sim lambar PIN, don kada wanda ya tsinci waya ko ya ƙwace ta ya cire layin ya sa a wata. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp da imel. Wayoyin Android da dama daga na 12 zuwa sama suna da wurin kashe 2G, wanda ke zaune inda 4G ya wadata yana iya amfani da shi. Bankuna da yawa suna da lambar USSD ta rufe asusu daga kowace waya, a nemi ta bankinka a rubuta a takarda tun kafin ranar buƙata. Idan sabis ya ɗauke daga layinka haka kawai alhali na kusa da kai suna da shi, kada ka jira gobe, ka tuntuɓi kamfanin da bankinka. Ƙorafin da kamfanin sadarwa ya ƙi saurara kuma ana kai shi ga NCC ta lambar 622.

Ga matasa masu gwada ƙwarewa a kan Wi-Fi na maƙwabta, dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta shiga na'ura ko hanyar sadarwar wani ba da izini ba. Ƙwarewar tana da kasuwa ta halal, ƙasar nan na buƙatar masu ita.

Waɗannan matakai za su rage ɓarna, ba za su kawar da ita ba, domin mai waya ba zai iya gyara kwaɗon da kamfani ya daina kulawa da shi ba, ba zai iya canza tsarin da bankinsa ya zaɓa ba. Gwamnati da bankuna ne suka ce wa jama'a su bar takardar kuɗi su koma waya, jama'a kuma sun amsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma an daɗe da sanin inda tsagar take. Muna jiran mu ga NCC da Babban Banki da kamfanonin sadarwa sun ɗauko siminti.